Katin Shamuwa

Bukoki, Yamai
14 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga taubashiyata Hajara, a Kukar Maje.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Bawa da 'yarki Fati. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya kori matata Ramatu daga ɗaki, a tsakar gida take wuni. Ina labarin maigidanki? Na ji har yanzu iyakar Nijeriya a rufe take, Allah ya sa yana samun hanyar aiko muku da saƙo. Na ba Musa direba rabin buhun dawa tare da wannan takarda. Ki duba bakin buhun, in an kwance shi ki gaya mini.

Kin sha yi mini dariya kan ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye, to yau ma daga can na dawo. Mu goma sha ɗaya ne yanzu: malaman makarantar lakwal irina, ma'aikatan gandun daji biyu, wata nas mai suna Salamatu, da wani dattijo tela daga unguwar Darussalam wanda ya fi mu duka sanin kukan tsuntsu. Kowace Lahadi da sassafe mukan haɗu bayan kasuwar Piti Marshe mu gangara bakin gulbi, takardar izini a aljihu, don a mulkin nan na soja mutum biyar ba sa tsayawa wuri guda ba takarda. Madubin hangen nesa biyu gare mu, muna karɓa-karɓa. Abin da muka gani mu ƙirga, mu rubuta a kaye, littafin rubutunmu.

Hajara, gulbin da kika gani shekarar aurena ba shi ne wannan ba. Rairayi ya fito a tsakiya, jakai na tafiya inda jiragen masunta ke wucewa. Gauraka da muka ƙirga arba'in bara waccan, yau uku muka gani. Kirinjijiya sun taru a ɗan ruwan da ya saura har ba ka ganin ruwan, masu tarko kuma na kwasarsu. Mun bi gaɓa muna roƙo a bar musu ko da gefe guda. Wani mutum ya tambaye ni ko tsuntsu ya fi ɗansa, na juya na bar shi da tarkonsa.

Ga abin da nake roƙo. A cikin ambulan akwai ɗan kati. Bana ƙungiya ta aika irinsa garuruwa talatin, daga Tilaberi har Damagaram, kowa ya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garinsu. Ba ranar da aka gan ta tana wucewa a sama ba, ba kuma ranar da wani ya ce ya gani ba. Ranar da kika gan ta da idonki ta dira a kan tsamiyar gidanku. In aka yi kuskure ko na kwana ɗaya, katin ya zama banza. Ke kika fi kowa rubutu a garin tun da kika yi yaƙi da jahilci, ko da yake har yau layinki gangara yake kamar hanyar rijiya.

Sai maganar Kawu. Takarda uku na aiko tun kaka da gaisuwa ta musamman gare shi, ba wadda ya amsa. Tun ranar da na hau tsamiya a hutun bara na sa wa 'ya'yan shamuwa zobe a ƙafa, bai sake kiran sunana ba. Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ki gaya mini gaskiya.

Naki,
Mutari

*

Kukar Maje
1 ga Mayu

Malam Mutari, sarkin tsuntsaye,

Takardarka ta iso, dawa ma ta iso, bakin buhu a ɗaure. Allah ya saka da alheri. Fati ta yi gudawa kwana huɗu, ta warke. Maigidana shiru tun watan da ya tafi. Awakina bakwai saura biyu. Rabin gari ya tashi, wasu sun tafi garin Madawa inda sojoji ke rabon hatsi, wasu sun nufi kudu ba a san inda suka tsaya ba. Layina kuwa ka bar shi ya gangara, da cikin da ba komai ake rubuta shi.

Ka ce in gaya maka gaskiya, to ka zauna. Ka san al'adar gidanmu, amma tunda ka zama ɗan birni bari in tuna maka. Akwai dami uku na geron iri a ƙaramin rumbu, irin nan mai dogon kai da ake kira zango, wanda kakanmu ya zo da shi, an liƙe bakin rumbun da laka. Ba mai fasa lakar sai maigida, shi kuma ba ya fasawa sai shamuwa ta sauka a tsamiya. Haka ubansa ya yi, haka ya tarar. Bana mun ci dusa, mun ci 'ya'yan anza na daji har bakinmu ya saba da ɗaci, Baba bai taɓa rumbun nan ba. Ba sauran iri irinsa a garin, kowa ya cinye nasa. Dami ukun nan su ne gonarmu ta bana, su ne kuma ta baɗi.

Mutanen gari na cewa kai ka kori shamuwa. Wai ka kama 'ya'yanta ka sa musu ƙarfe, ta tashi da wuri, ruwa ya bi ta. Liman ya ce maganar ba ta da tushe, ruwa na Allah ne. Baba ma ya yarda ruwa na Allah ne, shi ba wannan ne ya ci masa rai ba. Cewa ya yi baƙuwa ce da ta amince da gidan nan tun ba a haife shi ba, kowace shekara ana ɗora mata tsohon kwando ta yi sheƙa, ba wanda ya taɓa ɗaga mata ko tsinke, sai ga ɗan ƙanwarsa a kan reshe, 'ya'yanta na kuka a hannunsa. Kuma ba ka tambaye shi ba, Mutari. Yana gona ka hau.

Abin da ban rubuta maka ba a baya, idonsa ya tafi. Yanar ido ta rufe su duka biyu, haske kawai yake bambancewa da duhu. Ni ce idonsa yanzu. Kullum bayan sallar asuba nakan riƙo hannunsa in kai shi gindin tsamiya, ya zauna, ya ɗaga kai, ya ce, "Hajara, ta taho?" In ce, "Ba ta taho ba, Baba." Ya ce, "To, Allah shi kawo ta." Maƙwabcinmu Kabiru ya ɗora kwandon tun makon jiya.

Tsorona ɗaya ne. In ruwan shuka ya sauka ita ba ta sauka ba, Baba ba zai fasa rumbu ba, na san shi. Kai da ka san tsuntsaye a takarda, gaya mini, za ta zo?

Katinka yana cikin ƙwaryar lefena, ba abin da zai same shi.

Hajara

*

Bukoki, Yamai
12 ga Mayu

Hajara,

Ina gaisuwa. Labarin idon Kawu ya tsaya mini a rai, na karanta wurin sau uku. Ramatu ta yi kuka. Mu dai lafiya.

Zoben nan bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba. Lamba ce a jikinsa da sunan ƙungiya, don in wani ya tsince shi a wata ƙasa ya rubuto mana, mu san inda shamuwa ke cin rani, mu san inda ake kashe ta. Don in kare ta na hau, ba don in cuce ta ba. 'Ya'ya huɗu na kama, ban kai rabin sa'a ba na sauko, uwarsu ta dawo ta ci gaba da ciyar da su a gabana. Abin da ya tashe su da wuri bara yunwa ce. Fara suke ci, fara kuma ciyawa take bi, ciyawa ba ta fito ba. Ya yi mini zafi a ce garin da aka yanke mini cibiya yana kallona a matsayin wanda ya kori ruwa. Daga yau ba zan sake damun Kawu da gaisuwa a takarda ba.

Ga labari mai daɗi. Yau da hantsi, muna ƙasan unguwar Gamkalle, dattijon telan nan ya dafa kafaɗata ya nuna sama. Shamuwa ce, Hajara. Mun ƙirga ɗari biyu da sha huɗu, suna shawagi sama-sama, farin cikinsu na ƙyalli. Salamatu ta manta da ƙirga ta hau salati. Wani Bazabarme mai lambu ya ajiye gugarsa ya ɗaga hannu biyu yana addu'a. Ba su sauka ba, sun yi gabas. Kin tambaye ni ko za ta zo. Ta shigo ƙasa, wannan na gani da idona. Kowane mako zan rubuto miki abin da katuna suka kawo, ki riƙa gaya wa Kawu inda ta kai.

Naki,
Mutari

*

Kukar Maje
3 ga Yuni

Mutari,

Barka da shan ruwa. Muna azumi, ko da yake bana bambancinsa da sauran watanni niyya ce kawai. Akuya ɗaya ta mutu.

Na gaya wa Baba an ga shamuwa a Yamai. Ya ce, "Ta Yamai ta mutanen Yamai ce." Ka ce kowane mako za ka rubuto. Mako uku ke nan, ba Musa ba takarda.

Shekaranjiya an yi ɗan ruwa. Na tona ƙasa, laima ba ta kai tsawon yatsa ba. Duk da haka waɗanda suka samo irin taimako daga Madawa sun fita sun shuka. Na yi wa Baba magana, ya ce ba wannan ba ne, kuma a nan na yarda da shi. Amma hadari na haɗuwa kullum da la'asar a gabas. Na gaske na nan tafe, tsamiya kuma ba kowa sai kurciya.

Ka rubuto.

Hajara

*

Kukar Maje
12 ga Yuni

Malam Mutari,

Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, tunda kai ka daina tambayar tamu. Shukar mutane ta tsiro ta ƙone.

Na koma na karanta takardarka ta ƙarshe, sai yanzu na fahimce ta. Ka ce ba za ka sake damun Kawu da gaisuwa ba. Ashe sallama ce ka yi mana, ni da rashin wayo ina ta leƙen hanya. Mutumin da ya ɗauke ka a wuya ya kai ka lakwal ranar da uwarka ta rasu, don ya yi fushi da kai shekara guda, kai ma ka yi naka. To madalla. Ka rubuta mini layi goma kan nauyin zobe, ba ka rubuta layi ɗaya ka ce ka yi kuskure da ba ka tambaye shi ba. Na yi fushi da kai, kuma ba irin fushin wasanmu na taubasai ba ne.

Jiya matan gidan Kabiru sun zo sun same ni. Sun ce tunda tsoho ba ya gani, in fasa rumbun ta baya in kwashi irin, ko a shuka ko a ci. Na kore su. Amma bayan sun tafi na daɗe tsaye ina kallon rumbun, kuma ban ji daɗin abin da ya zo mini a rai ba.

In kana so in mayar maka da katinka, sai ka faɗa.

Hajara

*

Bukoki, Yamai
17 ga Yuni

Hajara 'yar Kawuna,

Takardunki biyu yau Musa ya kawo su tare. An karɓe motarsa wata guda tana jigilar hatsin taimako zuwa arewa, jiya ya dawo. Ni ma na aiko miki biyu ta gidan waya, na ga ba su iso ba. Ina lafiya yanzu, amma ban kasance lafiya ba.

Lahadin da ta biyo bayan takardata, muna kusa da gada, na ɗaga madubi ina bin wasu shamuwa da suka ratsa ta sama. Ban lura akwai motocin soja a kan gadar ba. Kafin in sauke hannu an riƙe ni. Kwana tara na yi a tsare. Sun buɗe kayena suka ga an rubuta gauraka uku, dinya sha biyu, kirinjijiya ɗari huɗu, da rana da wuri. Wani ya yi ta tambayata wane ne Gauraka, a wace unguwa yake. Yanzu abin dariya ne, a lokacin kuwa ba wasa ba ne. Sai da ma'aikatan gandun dajinmu suka kai littafin tsuntsaye mai hotuna aka sake ni. An riƙe madubi ɗaya, an janye takardar izininmu. Yanzu bibbiyu muke fita kamar masu shan iska. Gulbi kuwa ya tsaya, Hajara. Na taka da ƙafata daga wannan gaɓa zuwa waccan, takalmina bai jiƙe ba. Tsofaffin Yamai sun ce ba su taɓa gani ba.

Da na ce ba zan sake gaishe shi a takarda ba, nufina in zo da kaina a hutu in durƙusa a gabansa. Amma kin yi gaskiya a ɗaya maganar. A ɗakin da aka tsare ni na sami lokacin tunani. An kama ni ba a tambaye ni ba, an ce don lafiyar ƙasa ne. Ni ma haka na hau itacen mutum ban tambaye shi ba, na ce don lafiyar tsuntsu ne. Na yi kuskure. Ki gaya masa haka, da bakina zan maimaita.

Yanzu maganar iri. Katuna sha tara sun dawo. Ta sauka Gaya, ta sauka Doso, ta sauka Dogon Dutsi, ta sauka Ƙonni ranar takwas ga wata. Ko'ina ta makara da mako uku zuwa huɗu, kuma a duk garuruwan sai bayan ruwa ya sauka ciyawa ta fito take dira. Bana ba ita ke gaban ruwa ba, ruwa ke gabanta. In Kawu ya jira ta, zai jira har laima ta bushe, kuma kin san zango ba ya son makara.

Abin da zan faɗa yana da nauyi, na juya shi na juya ban sami wani ba. Ranar da ruwan gaske ya sauka, in ya tambaye ki, ki ce ta taho. Tana hanya, kwanaki ne kawai. Alhakin a wuyana.

Naki,
Mutari

*

Kukar Maje
26 ga Yuni

Mutari,

Barka da Sallah, barka kuma da fitowa. Na ji kunyar takardata ta baya, ka yafe mini. Da na san kana hannun soja ana neman Gauraka da kai, da na rage mata gishiri. Muna lafiya. Na gaya wa Baba abin da ya same ka da abin da ka ce. Ya sa na maimaita masa wurin da ka ce ka yi kuskure.

Shawararka kuwa, da na karanta na ce Allah ya kiyaye. Shekarata talatin da ɗaya ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, balle yanzu da ya ba ni amanar idonsa. Ka ce alhakin a wuyanka. Daga Yamai abin da sauƙin faɗa, amma bakin nawa ne.

Ranar Litinin da la'asar ruwa ya sauka. Ruwa, Mutari, irin wanda muka manta. Har magariba ana yi, katangar bayan gida ta zube. Talata da asuba na tona ƙasa, hannuna ya nutse har gwiwar hannu cikin laima. Gari duka ya fita da sungumi, kana jin muryoyi ta kowace hanya. Na riƙo Baba na kai shi gindin tsamiya. Ya zauna a kan jiƙaƙƙen turmi, ya ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Kwandon na nan yana ɗigar ruwa, ba komai a cikinsa.

Ya ce, "Hajara, ta taho?"

Na ce, "Ta taho, Baba."

Ya karkata kunne sama ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya shafa ƙasa a gabansa da tafin hannu, nan da can, inda kashinta ke zuba kowace shekara har wurin ya yi fari. Ya murza yatsunsa.

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "To. Kai ni rumbu."

Da hannunsa ya fasa lakar, ya yi bisimilla, ya zaro zangarniyar farko ya shinshina ta ya miƙo mini. Muka sussuka. Kabiru ya yi mana sara, ni da matansa muna bi muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Jiya da yau mun gama gonar duka, har da ta bakin fadama. Na ajiye tiya biyu ko da za a yi gyara.

Iri ya shiga ƙasa a kan lokaci, abin da muke so ke nan. Amma yau da asuba na je in riƙo hannunsa, ya ce in bari. Ya ɗauki sanda ya bi danga da kansa har gindin tsamiya. Ya zauna, bai ɗaga kai ba, bai tambaye ni komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban rubuta komai a katin ba.

Hajara

*

Bukoki, Yamai
1 ga Yuli

Hajara,

Ina gaisuwa, mu lafiya. Nan ma an yi ruwa, gulbi ya fara motsi.

Na gode wa Allah da aka yi shuka. Amma na karanta ƙarshen takardarki na kasa cin abinci. Bara na taɓa abin da ke tsakaninsa da tsuntsuwarsa, bana na taɓa abin da ke tsakaninsa da 'yarsa. Ki gaya masa ni na sa ki. An rufe lakwal, amma sai na gama gyaran takardun jarrabawa, ranar sha biyar zan shigo motar Musa. In ya ce kada in shiga gidan, zan tsaya a ƙofa.

Ki manta da katin.

Mutari

*

Kukar Maje
7 ga Yuli

Ɗan'uwana Mutari,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida Ramatu. Muna lafiya. An ƙara ruwa biyu. Gero ya tsiro layi-layi, ya fi rubutuna miƙewa. Akuyar da ta saura ta fara samun abin tsinka.

Ban gaya masa kai ka sa ni ba. Ni na buɗe baki, ba wanda ya riƙe mini wuya. Kwana goma muka yi a haka. Yana amsa gaisuwata, yana cin abin da na ba shi, yana yi mini addu'a kamar kullum, amma ko rana ta fito ko hadari ya haɗu sai dai ya tambayi mai wucewa. Ni da nake idonsa na koma mai kawo tuwo.

Shekaranjiya Juma'a da hantsi ina daka a bayan ɗaki na ji ya kira ni. Na tarar da shi a gindin tsamiya, da farin kashi a kafaɗar rigarsa, yana taɓa shi da yatsa. Ya ce, "Ɗaga kanki." Na ɗaga. Huɗu ne, biyu a cikin kwando suna gyara tsinke, biyu a reshen sama suna kaɗa baki.

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "Haka na ji. Ɗauko katin nan. Ranar yau za ki rubuta. Waccan ranar tawa ce da ke, ba ta shiga takardar mutane."

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa ina kuka, na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina. Ya ce ranar Talatar nan yana jin ƙamshin ƙasa, yana jin sungumin mutane, ya san lokaci ya yi, amma abin da ubansa ya bar masa ya ɗaure masa hannu, bai san ta inda zai kwance ba. Ya ce, "Ke kika ɗauki nauyin da ni ya kamata in ɗauka. Na yafe. Amma kada ki ƙara, ɗiyata, ba ni da wani ido."

Da na share hawaye na sake dubawa, sai na ga kamar wani abu na ƙyalli a ƙafar ɗaya daga cikin na reshen sama. Ta yi nisa, rana kuma na cikin idona, ban tabbata ba. Haka na gaya masa, na ce ban tabbata ba. Sannan ya kira sunanka, karo na farko tun bara. Ya ce, "Ki ce ma Mutari shi taho da madubin nan nashi shi duba. Amma daga ƙasa."

Ga katinka a ciki. Kukar Maje, Juma'a, biyar ga Yuli, guda huɗu. Da idona na gani.

Taka,
Hajara